Ɓeran da Ba Ya Cin Hatsi

Shekara hamsin da huɗu ina farautar ɓera a rumbu,
yau Rumasa'u ta ce, "Baba, ɗora hannu a kan ɓeran nan.
Kar ka shaƙe shi, lallaɓa shi."
Ni kuwa na yi masa riƙon ƙotar fartanya.
Kibiya ta tsere gabas, ta faɗa bayan gari,
na ɗaga shi sama ina leƙen cikinsa.
Aji ya yi tsit.
Sai Ilu mai faci ya fashe, saura suka bi.

Rumasa'u fa!
Ni na riƙe ƙafar rago ranar sunanta.
Yanzu ita ke tsaye, ni ke zaune,
tana cewa "sake", ina cewa "to".
An ce gemu ba ya hana ilimi,
ba a dai ce ba ya jin kunya ba.

Ba sha'awa ta kawo ni Auyo kan keke ba,
ruwan bara ne.
Da kogi ya ɓalle mana cikin dare
ya kwashi kaji, ya kwantar da zaure,
ya shiga akwatin ƙarfe ya sami littafin ƙungiya,
shekara goma sha ɗaya ta manoman shinkafa:
wa ya karɓi taki, wa ya biya, wa ya ce sai kaka.
Na shanya shi shafi-shafi a kan zana,
tawada ta koma hadari.
Mutum uku suka rantse sun biya.
Har yau ni da ɗayansu sai ɗaga hannu daga nesa.

Haruffa ga su a watse kamar wake a tabarma,
A tana nan, B ta yi ƙaura,
ina tsintar su da yatsa ɗaya, tsintar kaza.
Na nemi mai lanƙwasa ta farkon sunana, Ɗanliti,
babu ita.
Na'ura ta ja min jan layi a ƙasa,
wai ban iya rubuta kaina ba.

Sai ranar da aka buɗe mana Ekzel.
Na duba, na ce, ai wannan fangali ne!
Layi a tsaye, layi a kwance, kowa da gidansa.
Ka buɗe ruwa daga sama,
ya gangaro da kansa ya taru a jimla.
Lissafin da kan ci min dare uku da batir huɗu
ta gama kafin in gyara zama.
Na koma gida na bi shi da biro
don in kama ta da ƙarya.
Naira ɗari huɗu ta ɓata. A wajena.

Wata Laraba janareta ya yi tari biyu ya mutu,
suna sittin da na shigar suka bi iska,
ban danna adanawa ba.
Ashe ita ma tana da tata ambaliyar.
Na cire hula na ɗora a gwiwa,
har aka tayar da shi ban ce uffan ba.

Da aka zo kan imel aka ce in zaɓi kalmar sirri,
wadda ba zan manta ba, wani ba zai canka ba.
Na sa sunan bijimina da ruwa ya tafi da shi.
Yanzu kullum sai na kira shi kafin a buɗe min ƙofa.

"Tura wa kanka," in ji ta.
"Zai zauna inda kogi ba ya zuwa."
Na tambayi ina ne wurin,
ta yi nuni sama, ta yi dariya, ta ce bayanin da tsawo.
Na tura. Ya je, ya dawo, ko jiƙewa bai yi ba.

Bana ma gabas ta fara haɗe rai.
Sunayen mutanenmu suna can inda ban sani ba,
ɗari da bakwai, kowa da buhunsa.
Duk da haka na sayi sabon littafi,
na naɗe shi a leda biyu,
na soke a azara.